Shekarar da Hancina Ya Mutu

Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku, saboda haka kada kowa ya sunkuyar da kai. Kuna cewa saboda Hadiza aka sayar da firigon Treichville, ɗakin sanyin da muke ajiye nama, ita kuma ta ɗauki jakarta ta tafi ƙasar sanyi ta bar ku ba sana'ar gado. Kai Nasiru ka faɗa a gaban matarka, matarka ta kai wa uwarku Hajiya, Hajiya kuwa kun san magana ba ta kwana a cikinta. Na yi shiru na yi shiru, amma yanzu har jikoki sun fara ɗauka, kuma yarinyar ba ta kusa balle ta kare kanta. Don haka zan faɗi yadda aka yi tun hannuna yana iya riƙe biro, wanda ya ga na yi son kai ya zo ya same ni a ƙofar gida, ba inda nake zuwa.

Mu rundawa ne, mahauta tun kaka da kakanni. Mahaifina ya biyo shanu daga Talatar Mafara har Abidjan, ya ga ana cin nama a garin nan ya ƙi komawa. Bai bar mini gida ba, bai bar mini gona ba, hanci ya bar mini. Shi ya koya mini yadda ake soka tsinke a cinyar sa har ya taɓa ƙashi, a zaro, a kai hanci. Nama daga wajen ƙashi yake fara juyawa, sama tana nan ja wur tana yaudarar mai saye. Da tsinken nan nake sanin naman da zai kai jibi da wanda dole a rabu da shi yau. Matan da ke dafa abinci a makis, wato gidajen cin abinci na unguwa, da masu sayo wa otal nama ba firigona suke bi ba, akwai firigo da yawa a Treichville waɗanda suka fi nawa kyau. Hancina suke bi.

Firigon kuwa tsoho ne, a hannun wani Kwara, Balarabe ɗan kasuwa, na saye shi da injinsa da komai. Irin injin da ne mai aiki da amoniyak, wata iska mai wari kamar tsohon fitsari, wadda idan ta yi yawa takan ƙone ido da ƙirji. Tana yawo a cikin bututu, ita ke kawo sanyin, muddin ba ta fito ba lafiya lau. Dokata ɗaya ce a wurin: da safe babu mai shiga sai na iso. Nakan fito daga Saint-Michel in taka zuwa Roxy, in shiga woro-woro, tasin haɗaka, mu haye gada, in tsaya a bakin ɗakin inji in ja numfashi. Idan na ce bisimilla, a shiga. Abokin sana'ata Madu, ɗan ƙabilar Jula ne mutumin Odienné wanda muka tsufa tare a kan nama, yakan tsaya a bayana yana tsokana, wai Alhaji yana gaisawa da injinsa.

A cikinku duka Hadiza ce kaɗai ta gaji hancin nan. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa ban taɓa kiran sunanta a gabanta ba, Uwata nake ce mata, 'yan unguwa kuma su ce Adiza. Tun tana 'yar firamare idan na zo da nama gida takan sunsuna ta yamutsa fuska ta ce wannan na jiya ne, kuma na jiyan ne. Kai Nasiru na gwada ka da tsinke ba sau ɗaya ba, ka ce kai duk warin nama kake ji. Ban yi fushi ba, kowa da abin da Allah ya ba shi, kai ga ka nan da shagon wayoyinka a Roxy kana rufa wa kanka asiri. Ita kuwa boko ya karɓe ta, ta shiga jami'a tana karatun kimiyya, har ta kai matakin da ake barin ɗalibi ya yi bincike da hannunsa.

A damunar shekarar da nake ba ku labari, wata rana bayan azahar, mahaɗar bututu ta fashe a ɗakin inji. Na ji ƙara kamar an kwance tayar mota, sai ga farin hayaƙi yana bin ƙasa. Ma'aikata suka watse. Bayan katangarmu gidan haya ne cike da mata da yara, iskar kuma can ta nufa. Na tsoma rawanina a bokitin ruwa, na naɗe fuska, na shiga na lalubi famfon na murɗa har ya rufe. Ban san yadda na fito ba, Madu ya ce da rarrafe. Na kwanta asibiti, mutanen Adjamé da Treichville suna ta sintiri suna cewa yako Alhaji, yako, wato sannu. Ido ya warke, ƙirji ya warke. Ranar da na dawo gida Hajiya ta yi mini tuwo da miyar kuka, ta zuba man shanu yana narkewa a gabana, na sunkuya na shaƙa, ban ji komai ba. Na sake shaƙa. Kamar an ajiye mini hoton abinci.

Likita ya ce wataƙila ya dawo, wataƙila kuma ba zai dawo ba. Bai dawo ba. Ku da kuke da hanci ba ku san yawan abin da kuke da shi ba. Na yi kewar daddawa, na yi kewar turaren wutar da Hajiya ke sa wa a ɗaki ranar Juma'a, na yi kewar ƙasa idan ruwan farko ya sauka. Nakan ratsa kasuwar Guro da gangan, in bi ta layin attaruhu da albasa da busasshen kifi, mata suna ta atishawa, ni kuwa in wuce kamar mai tafiya a cikin kwalba. Wallahi har warin lagin, ruwan da ke ƙarƙashin gada, wanda muke toshe hanci saboda shi, na yi marmari. Amma wannan duk nawa ne ni kaɗai. Abin da ya shafi gida shi ne mahauci marar hanci ya tashi aiki, kuma kowa a Treichville ya san abin da ya same ni.

Hadiza ba ta yi shawara da kowa ba. Na fito da safe zan tafi aiki sai na same ta a ƙofa sanye da takalmin roba.

“Uwata, ina zuwa haka?”

“Treichville mana. Papa, wa zai sunsuna maka? In mun gama sai in wuce fak in kama darasi, ba matsala, ya fohi.”

Haka muka shiga yi. Ita ke tsayawa a bakin ɗakin inji ta shaƙa, ni in ce bisimilla. Ni ke soka tsinke, ita ke kai wa hanci, ta ɗaga mini gira ko ta girgiza kai. Masu saye suka dawo. Wata tanti, dattijuwa mai makis a Avenue 16 ta ce tun da hancin ɗiyar Alhaji ne, ai duk ɗaya ne, jini ba ya ƙarya. Ba zan ɓoye muku ba, watannin nan sun yi mini daɗi ƙwarai. Mu zauna kafaɗa da kafaɗa a woro-woro, tana karatu a waya, ina kallon ruwa. In mun haye gada ta ce, Papa yau lagin ya yi tsami deh, in yi dariya kamar ni na ji.

Ashe a jami'a ta juya bincikenta gaba ɗaya ya koma kan iskar da ta kashe mini hanci. Wata safiya ta fito da wani ɗan akwati kamar na ashana, da 'yar fitila da wayoyi. A tsakiyarsa akwai wani ɗan falle da bai kai farcen ɗan yatsa ba.

“Wannan shi ne kapter, wato hancin akwatin,” in ji ta. “Ka san baƙin nan na cikin fensir? In aka yi ta ɓare shi, ana ɓarewa, har ya rage falle ɗaya tak wanda ido ba ya gani, shi ake kira girafen. An shimfiɗa shi a nan, lantarki yana bi ta cikinsa. Saboda ba shi da kauri ko kaɗan, duk abin da ya sauka a kansa sai ya ji. In amoniyak ta taɓa shi, tafiyar lantarkin sai ta canza, fitila ta kama, ya yi kuka.”

“To nama fa?”

“Nama ma in ya fara juyawa yana fitar da ita kaɗan-kaɗan. Wata rana, in sha Allah, har tsinke zai maye.”

Na ce mata tsinke dai a bar shi, bai yi wa kowa laifi ba. Muka rataye akwatin a ɗakin inji, mahauta suka sa masa suna hancin Adiza. Kwana biyu shiru bai yi motsi ba, ta shiga dubawa ta tarar Madu ya naɗe shi tsaf a cikin leda ya ɗaure da roba. Ya ce shi ya ga abu mai tsada a wuri mai jiƙa, kuma na ɗiyar Alhaji, ai ba ya bari ya lalace. Ta riƙe kai tana cewa, tonton Madu, ka toshe masa hanci ka ce ya sunsuna! Muka yi dariya har da hawaye. Da aka kwance shi kuma sai ya zama mai baki. A wanke ƙasa da ruwa, ya yi kuka. A buɗe ƙofar firigo tururin sanyi ya fito, ya yi kuka. Hadari ya haɗu a sama, ya yi kuka. Ita ta san dalili, ta ce damshi ne ke sauka a kan fallen ya ruɗa shi, kuma idan ya shaƙi abu ba ya saurin fyacewa, sai ya daɗe kafin ya koma daidai. Ta ce akwai abin da ake shafa wa fallen don ya bambance ruwa da amoniyak, amma kayan yin wannan aiki babu su a labonsu, wato ɗakin bincikensu. Abidjan kuwa kun san ta, ko rigar da ke cikin akwati jiƙewa take yi.

Sai ranar da ta makara saboda jarrabawa. Na gaji da jira, masu saye sun taru, na ce bisimilla da bakina na shiga ɗakin inji. Akwatin yana ta kuka, na ce masa kai dai ba ka gajiya. Ina cikin duba man inji sai na ji an fizgo rigata ta baya da ƙarfi har na yi taga-taga. Hadiza ce. Tun daga bakin titi ta jiyo warin. Wata mahaɗar ce ta fara tsiyaya, kaɗan dai, amma ina tsaye a kanta ban sani ba, sai da muka fito na ji idona yana yaji. A ranar abin nata gaskiya ya faɗa, amma ya riga ya yi ƙarya da yawa, babu wanda ya kula shi. Ta zauna a kan kwandon da aka kife, ba ta bar ni na sake kusantar ƙofar ba har muka koma gida.

Ba a jima ba malaminta ya samo mata gurbi a wani babban labo a ƙasar waje, inda suke da kayan da take nema, da burs, wato kuɗin tallafin karatu, da komai. A bakinta muka ji, ranar wata Juma'a muna cin abincin rana a tsakar gida, kuma a numfashi ɗaya ta faɗi samun da ƙin.

“Na gaya wa malam ba ni zuwa. Ya ce in yi tunani zuwa ƙarshen wata, amma na gama tunani.”

Hajiya ta ce alhamdu lillahi, dama ita ba ta ga abin da ɗiya mace za ta je nema a ƙasar da ba dangin iya ba na baba. Kai ma Nasiru ka ce hakan ya fi. Ni na ajiye cokali.

“Uwata, saboda me?”

“Papa, ka sani.”

“Madu yana da hanci. Ma'aikata suna da hanci.”

“Tonton Madu taba ta gama da nasa. Kuma ba wannan ba ne. Ka rantse mini in na tafi ba za ka ƙara shiga ɗakin inji ba. Ka rantse, gobe in ce wa malam na yarda.”

Na buɗe baki, rantsuwar ta ƙi fita. Na san kaina. Muddin injin nan nawa ne, ranar da ya yi tari zan shiga, ko da mutum goma sun riƙe ni. Ita ma ta sani, shi ya sa ta tambaya. Ta ci gaba da cin abincinta kamar an gama magana.

Kwanakin da suka biyo baya na riƙa kallonta a wurin aiki. Yatsunta sun yi ja saboda sanyi, gefen mayafinta da ɗigon jini, littafinta a cikin leda a kan teburin yanka. Na tuna mahaifina ya bar garinsu da uwarsa da komai ya biyo abin da ya iya har bakin teku, ba wanda ya riƙe masa ƙafa. Na ga shekara goma a gaba, ina ƙara tsufa, ita tana nan tsaye a bakin ƙofa tana shaƙa mini iska, abin da ke cikin kanta yana ruɓewa daga wajen ƙashi, sama kuwa lafiya lau. Kuma na ga cewa ina jin daɗin hakan, wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Nasiru, ka tuna na zo shagonka a Roxy na zauna a kan benci, na tambaye ka ko za ka karɓi firigo? Ka ce, Baba ka yi haƙuri, ni jini yana tayar mini da zuciya, kuma harkar waya tana tafiya. Ban ga laifinka ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Amma kada ka ƙara cewa an sayar da gadonka ba ka sani ba. Ƙannenka kuwa suna makaranta, ba wanda ya isa. Daga wurinka na haye gada na sami Madu. Da farko ya ƙi, ya ce shi ba zai zauna a kujerata ina raye ba. Na ce masa in bai saya ba zan sayar wa wanda bai san darajar wurin ba. Muka kira shaidu, muka gama, na miƙa masa makullai. Hadiza ba ta sani ba sai da komai ya kammala.

Ban taɓa ganin fushinta irin na ranar ba. Hausarta ma ta gudu, ta koma Faransanci tana yi tana kuka, sai da ta huce kaɗan ta dawo.

“Wa ya ce ka yi? Sana'ar Kaka ce fa! Ni na ce na gaji? Yanzu me za ka riƙa yi da safe?”

“Zan riƙa shan koko kamar kowane tsoho.”

“Papa, ba wasa nake ba.”

“Ni ma ba wasa nake ba. Uwata, ban haife ki don ki zama hancina ba. Yanzu babu ɗakin injin da zan shiga, ba sai na rantse ba. Ki je ki gaya wa malaminki.”

Ta yi kwanaki ba ta yi mini magana in ban da gaisuwa. Hajiya kuwa ta fi ta daɗewa, ta ce na kori ɗiyarta da hannuna, na kuma kashe sana'a, duk a wata ɗaya. Ba ta yi ƙarya ba. A filin jirgi Hadiza ta durƙusa ta gaishe ni, na ɗora hannu a kanta na yi mata addu'a, na tsaya ina kallonta har ta shige.

Abin da ya biyo baya kun gani da idonku, sai dai ba ku san nauyinsa ba. Jikina bai daina tashi da wuri ba. Nakan yi sallah, in sa riga, in kai ƙofar gida, sannan in tuna babu inda za ni. Sai in ja kujera in zauna ina kallon gbaka, ƙananan bas ɗin haya, suna wucewa, yaran mota suna ihun sunayen unguwanni. Na daɗe ban haye gada ba, don ba na son a tashi a ba ni kujerar baƙo a wurin da na yi rabin rayuwata. Mutanen da ke cewa Alhaji mai firigo suka koma cewa Alhaji kawai. Ita kuma shekara ta zama biyu, biyu ta zama abin da ta zama. Ta gama karatu suka riƙe ta aiki, ta yi aure a can, ta haifi ɗa wanda ban taɓa ɗauka ba, sai dai a nuna mini shi a waya yana miƙo hannu yana taɓa gilashi. Duk lokacin da muka yi magana nakan tambaye ta ko an shawo kan damshi, ta ce saura kaɗan Papa, ya fi da, amma bai kai yadda za a rataye shi a Treichville a juya baya ba. Ban sani ba ko zan ga ranar. Ban yi nadama ba, amma kada wani ya ce muku abin bai yi ciwo ba. Ina kewarta kullum, safiya ta fi tsanani.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa gaya wa kowa ba. Bayan tafiyarta da 'yan kwanaki na shiga ɗaki da hantsi na sami Hajiya zaune a bakin gado, ta tusa fuskarta a cikin wani mayafin Hadiza da ta bari a kan ƙusa ba a wanke ba. Lokacin ba ta gama fushi da ni ba. Ta ɗago ta dube ni, sai ta miƙo mini, ta manta ba na jin ƙamshi. Na karɓa na kai hanci. Tsumma ne kawai.

“Hajiya, gaya mini abin da kike ji.”

Ta karɓa ta sake shaƙa.

“Man kaɗanya. Da sabulun nan nata mai lemun tsami. Da ɗan gumi a wajen wuya.” Ta juyo gefensa. “Da firigonka, Alhaji. Har yanzu akwai warin nama a gefen.”

Ta ninke shi ta sa a ƙasan akwatinta. Tun daga ranar, lokaci-lokaci idan gida ya yi shiru, takan fito da shi ta shaƙa ta faɗa mini, ni kuma in saurara. A bara ta fito da shi, ta juya shi ta kowane gefe, ta ce ya tafi, yanzu warin akwati kawai yake yi, bari ta wanke ta ba wani. Na hana ta. Ita ce mai hanci, ita ya ɓace wa. Ni da ban taɓa ji ba, a wurina yana nan yadda yarinyar ta bar shi.

Idan kun yi waya da ita kada ku ba ta wannan labarin, za ta ce za ta taho. Ku ce mata ina lafiya, ina cin abinci, sannan ku tambaye ta aiki.